Ranar Da Muka Tayar Da Geron Kawu

Na fito a fina-finai da dama yanzu, wasu ma sai an tuna mini nake tuna ina ciki. Amma akwai yini ɗaya a gonar kawuna da ke Karare wanda ko tsufa ya taɓa mini ƙwaƙwalwa ba na jin zai tafi da shi. Yinin da magidanta goma sha biyu suka durƙusa cikin rana suna riƙe da karan gero, don kawai ni in samu in yi magana a gaban kyamara. Yau idan na ba da labarin dariya ake yi, ni ma ina taya su. A ranar kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni haifaffen Batsari ne. Mahaifina malamin Islamiyya ne, mahaifiyata kuma 'yar Karare ce, saboda haka duk hutun damina can ake tura ni wurin yayanta in taya shi noma. Taya noma dai a baki. Da an idar da sallar asuba an fara ɗaukar fartanya sai cikina ya murɗa, in kwanta ina juyi a kan tabarma ina kiran sunan Allah da 'yar siririyar murya. Da sun ɓace a kwana sai in warke. Kawu bai taɓa dukana a kan haka ba. Yakan tsaya a kaina ya kalle ni, sannan ya ce wa matarsa ta ajiye mini fura mai yawa, don irin wannan ciwon yana sa yunwa. Idan aka bi gaskiya, shi ne mutum na farko da ya gane ina da baiwar wasan kwaikwayo.

Da na gama sakandare na tafi Katsina da sunan ƙarin karatu, na ɓige da bin 'yan fim. Ba manyan nan da ake liƙa hotunansu a bayan motoci ba. Ƙananan ƙungiyoyi ne na samari masu haɗa kai su yi hayar kyamara ɗaya, su ɗauki fim ɗinsu, su sa a intanet su zauna suna addu'a. Shekara biyu ina cikinsu. Na fito a gawa sau biyu, na fito a mai gadi, na fito a cikin 'yan kallon shari'a. Akwai fim ɗin da ƙafafuna kawai aka nuna, an lulluɓe sauran da zane. Na kai wa mahaifiyata a waya, ta duba da kyau ta ce tabbas ƙafafuna ne, ta yi mini addu'a Allah ya sa wata rana a kai ga fuska.

Ana haka wani darakta, matashi ne ɗan birni wanda bai taɓa kwana a ƙauye ba, ya rubuta labarin wani saurayi manomi da yayansa ke matsa masa su sayar da gonar gado su koma birni, shi kuma ya ƙi. Muna zaune a ƙofar shagon da ake tace fim ya ce abin da ya rage masa shi ne gonar gero mai kyau, wadda mai ita ba zai dame su ba. Bakina ya riga hankalina. Na ce ina da gona a Karare. Ban ce muna da ita ba, ban ce ta kawuna ce ba, na ce ina da ita. Daraktan ya juyo ya kalle ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba a shekara biyu, ya ce ai kuwa idan aka lura ina da fuskar manoma. Kafin sati ya zagayo ni ne jarumin fim ɗin. Na daɗe ina gaya wa kaina iyawata ce ta ba ni, amma gonar ce ta ci jarrabawar.

Na kira Kawu na ce za mu zo da baƙi mu ɗauki hoto a gona, ya ce Allah ya kawo mu lafiya. Muka cika ƙaramar bas ɗaya muka iso da hantsi, a ƙarshen damina. Gero ya fi tsayin mutum, kawunansa sun cika sun sunkuyo, ga tsohuwar tsamiya a gefe, ga dutse daga nesa. Mai ɗaukar hoto har tafi ya yi. Muna sauke kaya sai ga Kawu ya ɓullo daga cikin geron da malfarsa da tsohuwar rigar aikinsa mai faci a kafaɗa, yana ɗauke da kwanon dafaffiyar gyaɗa saboda baƙi. Ni kuma ina tsaye da baƙin tabarau, jarumi guda. Darakta ya tambaye ni wane ne wannan dattijon. Na ce, «Shi ke kula mini da gonar.»

Na faɗa a hankali, amma Kawu kunnensa ƙalau. Ya ajiye kwanon, ya dube ni daga tabarau har takalmi, ya ɗan rusuna ya ce, «Haka ne. Sannu da zuwa, mai gona.» Ya gaisa da kowa, ya nuna mana inda za mu taka da inda ba za mu taka ba, ya koma aikinsa.

Mun yi aiki sosai a ranar. Abin da ya rage shi ne fitowar da fim ɗin gaba ɗaya ya dogara a kanta, inda ni da yayana na cikin fim muke cacar baki a tsakiyar gero. Da kyamara ɗaya ake aiki, saboda haka sai an ɗauki ɓangaren mutum ɗaya an gama kafin a juyo kan ɗayan. An ɗauki nasa tsaf. An juyo da kyamara kaina ke nan, zan fara dogon jawabin da na kwana uku ina haddacewa, hadari ya taso daga gabas. Kafin mu naɗe wayoyi ruwa ya sauko. Darakta ya ce ba komai, sati mai zuwa za mu dawo mu ƙarasa.

A aikin fim akwai abin da muke kira kwantiniti. Ma'anarsa, idan an fara ɗaukar fitowa yau aka ƙarasa ta bayan wata guda, dole komai ya zama yadda yake, don mai kallo ya ɗauka a lokaci ɗaya aka yi. Akwai wata baiwar Allah da aikinta ke nan a cikinmu, ba ta da wasa ko kaɗan. A cikin bas ta ɗauki hoton hulata, da yadda na naɗe hannun riga, da tsawon gemuna. Sannan ta nuna ni da biro ta ce gonar ma haka za a bar ta, kada a taɓa ko ganye ɗaya, kuma ni ta gaya wa tunda ni ne mai ita. Na ce ta kwantar da hankalinta. Ya kamata in sauka in je in gaya wa Kawu. To amma da wane ido zan kalle shi bayan abin da na faɗa da safe? Na ce a raina zan kira shi a waya. Na leƙa ta taga na ɗaga masa hannu, yana tsaye ƙarƙashin tsamiya ruwa na zuba daga malfarsa.

Ban kira shi ba. Kullum sai in ce gobe. Sati ɗaya kuma ya zama uku da 'yan kwanaki, saboda mai kyamara ya ba wasu haya. A tsawon lokacin nan ba wanda ya kai ni kiyaye kwantiniti. Rigar nan ban wanke ta ba, na ƙulle ta a leda har ta fara wani irin wari. Gemu kuwa kullum sai na auna shi da hoton a madubi, in datse abin da ya ƙaru. Na kiyaye hula, na kiyaye takalmi. Abu ɗaya ne bai faɗo mini a rai ba, wanda ko yaron goye a Karare ya sani: gero ba ya jiran kowa idan ya nuna.

Ranar komawa, tun da muka wuce Batsari na fara ganin gonaki a kwance. Hagu da dama an girbe gero an jera shi layi-layi a ƙasa yana shan iska, abin da manoma ke kira sankace. Darakta yana gaba yana yaba kyawun gari, yana cewa dubi yadda fili ya buɗe. Ni kuwa cikina ya murɗa, kuma wannan karon na gaske ne. Na riƙa addu'a Allah ya sa wani uzuri ya hana Kawu girbi. Ka ji fa, ina roƙon Allah ya jinkirta wa mutum abincin shekararsa saboda fim ɗina.

Muka tsaya. Tsamiya tana nan. Dutse yana nan. Gero kuwa yana kwance tun daga bakin hanya har ƙarshen gona, da kawunansa ba a yanke ba tukuna.

Darakta ya sauka, ya taka har tsakiyar fili, ya juya ya sake juyawa kamar wanda ya yar da makulli, ya dawo ya zauna a matakalar bas. Da ya buɗe baki a hankali ya tambaye ni, «Mai gona, ina gonar?» Mai kwantiniti ta buɗe hoton ranar farko ta miƙo mini.

Wanda ke fitowa a yayana ɗan Safana ne, kuma ba ya barin dama ta wuce shi. Nan take ya ce mahaifinsa yana da gonar dawa a can, tana tsaye shar, sai nan da wata biyu za a taɓa ta. Darakta ya farfaɗo, ya ce to mu je can a ɗauki ɓangarena, ai ganye ganye ne. Mai ɗaukar hoto, wanda shi ma ɗan manoma ne, ya ce idan ana so a mayar da mu abin dariya a duk ƙauyukan Katsina to a yi haka, wa yana magana a cikin gero ƙane yana ba shi amsa daga cikin dawa. Darakta ya yi lissafi da yatsu. Kyamarar yau da gobe kawai take hannunmu. Ya ce abin da zai yiwu shi ne a zubar da duk abin da aka ɗauka a nan, a koma Safana a juya labarin: wan ne zai zama mai riƙe gona, ƙanen kuma a nuna shi a farkon fim ya hau mota ya tafi birni, shi ke nan. Wato bayan shekara biyu ina gawa, na samu ci gaba zuwa mai hawa mota. Na ga fuskar mahaifiyata a raina, wadda ta riga ta gaya wa duk maƙwabta an kai ga fuska.

Muna cikin haka sai ga Kawu da mutanensa, 'ya'yansa da maƙwabta da ya gayyato, kowa da wuƙarsa, sun zo fara yanke kawunan geron a ɗaure dammuna. Aka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen birni, ya tambayi gajiyar rannan. Da ya zo kaina ya ce, «Mai gona, an zo lahiya? Ga aikinka nan mun rage maka.»

Darakta, da yake har lokacin ya ɗauka Kawu ɗan aiki ne, ya miƙe da zafinsa ya ce, «Baba, wa ya ba ka izinin yanke geron nan?»

Kawu ya ce, «Geron ne ya ba ni, ɗana. Ya nuna.» Ya ƙara da cewa tsuntsaye sun fara yi masa aiki, kuma a zamanin da muke ciki ba wanda ke barin hatsi a daji ya ƙara kwana ba dalili. Darakta ya juyo gare ni ya ce na ga illar sakar wa ma'aikata dukiya ba a sa ido. Babban ɗan Kawu, wanda muka tashi tare yana noma ina ciwon ciki, ya yunƙuro zai yi magana. Kawu ya ɗaga masa hannu kawai, ɗan ya koma ya tsaya yana huci. Idanu goma sha wani abu suna kaina. A nan ya kamata in faɗi gaskiya, kuma na sani. Na sunkuyar da kai ina gyara hular kwantiniti.

Kawu ya matso. Ya tambayi abin da zai faru idan ba a samu gero a tsaye ba. Mai ɗaukar hoto ya yi masa bayani dalla-dalla, har da maganar hawa mota. Kawu ya kalle ni. Sannan ya ce a nuna masa iyakar abin da gilashin nan namu yake gani. Aka kafa kyamara, aka tsayar da ni inda na tsaya rannan, Kawu ya cire malfa ya leƙa. Daga ƙirjina ne zuwa sama, da abin da bai fi faɗin ɗaki ba a bayana, da reshen tsamiya a gefe. Ya yi dariya ya ce, «Yo ashe ba gona kuke bida ba. Ɗan abin da ke bayanshi ne kawai.»

Ya juya ga mutanensa ya ce a ajiye wuƙaƙe. A je yammacin gonar inda aka girbe jiya, ganyen bai gama bushewa ba, a zaɓo masu manyan kai. A kawo sungumi, abin da ake sara rami da shi lokacin shuka. Za a tayar da gero. Wani maƙwabcinsa ya ce masa ya dai san hatsin da ya bushe ba ya son jagwalgwalo, ƙwaya za ta zube, ga yini guda zai tafi a banza, ga sama ba ta gama yanke shawara ba. Kawu ya ce duk ya sani.

Haka aka fara aikin da tun da aka kafa Karare ba a taɓa yin irinsa ba. Wasu na sara rami, wasu na ɗauko kara, wasu na cusawa suna takewa da diddige. Mai kwantiniti ta zama sarkin noma, tana tsaye da hoto a hannu tana cewa wannan ya cika tsawo, wancan a karkato shi hagu, dattawa masu furfura suna cewa to Hajiya. Wani mai babur da ya ɗauko buhu zai kai kasuwar Batsari ya tsaya, ya kashe mashin, ya daɗe yana kallo. Daga nan ya matso ya gaida Kawu da muryar da ake gaida marar lafiya, ya tambaye shi ko lafiya yake shuka gero da kansa a kaka. Kawu ya ce sabon iri ne aka kawo daga birni, da kansa ake shuka shi, a girbe da la'asar. Mutumin ya tafi yana waiwaye. Kafin azahar labari ya kai cikin gari, mata masu dawowa daga rijiya suka yi layi a bakin hanya, har da mai tallan ƙosai.

Da aka gama, wallahi idan ka leƙa ta kyamara ba ka cewa an taɓa gonar. Na sa rigata mai wari, na ɗauki fartanya, na tsaya. Darakta ya ce akshin, wato a fara. Na buɗe baki ke nan wata 'yar iska ta taso, gonar gaba ɗaya ta kwanta a bayana, rabi a kaina. 'Yan kallo suka kwashe da dariya. Aka sake kafawa, aka ƙara zurfin rami, iska ta sake zuwa. Kara ba saiwa ba ya tsayuwa, wannan ma sai a ranar na sani.

Kawu ya ce to abu ɗaya ya rage, tunda gilashin ba ya ganin ƙasa. Kowa ya durƙusa ya kama gindin kara, hannun dama damƙi ɗaya, hagu damƙi ɗaya. Magidanta goma sha ɗaya suka shige ƙarƙashin gero suka tsuguna. Mai kwantiniti ta duba hoto ta ce akwai wani kai guda da ya sunkuyo daidai kafaɗata ta hagu a ranar farko. Kawu ya ce wannan nasa ne. Ya zo ya durƙusa dab da ƙafata, ya riƙe shi, har yana ɗan kaɗa shi wai iska ce.

Aka ce akshin. Na ɗaga kai, na cika ƙirji, na fara: «Tun ina ɗan shekara bakwai ban taɓa fashin zuwa gonar nan ba.»

Daga ƙasa wata murya ta ce, «Sai dai in ciki ya murɗa.»

Gonar gaba ɗaya ta kama rawa. Mutum goma sha ɗaya suna ƙunshe dariya, kara na karkarwa a hannunsu. Darakta ya ce kot, wato a tsaya, yana tambayar me ya faru. Kawu ya ba da haƙuri, ya ce bakinsa ne ya suɓuce. A ɗauka ta biyu ya bari na kai tsakiya, sannan ya ce a gafarce shi, amma yadda na riƙe fartanyar nan ko ɗan birni zai gane ban san ta ba. Ya gyara mini riƙon daga inda yake. A ta uku ni na manta maganata. A ta huɗu mai ƙosai ta yi talla. A ta biyar cinnaku suka samu wani a ƙafa ya yi tsalle da gero a hannu.

Rana ta take sosai. Dariya ta ƙare, sai nishi nake ji daga ƙasa. Duk wanda ya taɓa shiga gero busasshe ya san ƙaiƙayinsa, yadda yake shiga wuya da hammata ya haɗu da gumi. Kafin a fara ta shida na saci kallon ƙasa, abin da tun safe nake gudu. Kawu yana kan gwiwoyinsa, gwiwoyin da na san suna damunsa har wani lokaci a zaune yake sallah. Ƙwayar gero tana zubowa kaɗan-kaɗan a kan malfarsa tana gangarawa cikin ƙasa. Wannan mutumin da idan ya ga ƙwaya ɗaya a tsakar gida sai ya sunkuya ya tsince. Ya ɗago ya ga ina kallonsa, ya yi mini alama da ido wai in duba gabana.

Aka ce akshin. Na faro jawabin, ya tafi daidai, har na iso wurin da daraktan ya rubuta cewa: «Wanda ya noma ƙasar nan shi ya ciyar da ni har na zama mutum, kuma ba zan tsaya a gaban baƙi in yi kamar ban san shi ba.» Sau ɗari na karanta layin nan a ɗakina ban ji komai ba. A ranar muryata ta karye a tsakiyarsa. Hawaye suka zubo, na gaske, masu zafi, har da majina. Na ƙarasa da ƙyar. Darakta ya saki baki ya manta aikinsa. Sai muryar Kawu daga ƙasa: «Ku hwaɗi abin nan naku da kuke hwaɗi in an gama. Gwiwa ta gaji.»

Darakta ya ce kot, gonar ta zube a lokaci ɗaya. Ya rugo ya rungume ni, yana cewa bai taɓa ganin wasa irin wannan ba, daga ina na samo hawayen nan. Na zame daga hannunsa na kama Kawu na tayar da shi, don ya kasa miƙewa da kansa. Sannan na ce, yadda kowa zai ji, gonar nan ba tawa ba ce, ko kara ɗaya ba ni da shi a ciki. Wannan kawuna ne, yayan mahaifiyata, shi ne mai gonar, a gidansa na ci na sha, kuma ƙarya na yi don a ba ni fim.

Darakta ya rasa inda zai sa kansa. Ya cire hula ya durƙusa gaban Kawu yana ba da haƙuri kan maganar da ya yi masa da safe. Kawu ya ce ya tashi, ba komai, shi dai tun farko ya san gonar tasa ce, don haka bai ruɗe ba. Ya kakkaɓe malfarsa a hankali cikin tafin hannu don kada ƙwayar da ke kai ta zube. Sannan ya ce, «Ɗan ƙanwata ne. In ya ce gonar tashi ce, rabin ƙarya ya yi, ba duka ba. Sai dai mai gona ba ya tahiya ya bar hatsi a ƙasa.»

Bas ta koma Katsina ba ni. Kwana shida na yi a Karare. Na yanke kai, na ɗaure dami, na ɗauka a ka zuwa amalanke, na miƙa a rumbu. Hannuwana suka yi ƙulu-ƙulu suka fashe. A rana ta biyu, bayan sallar asuba, na ɗan dafe ciki don in gwada ko tsohuwar hanya tana nan. Kawu ko juyowa bai yi ba, ya ce, «Kot.» Na tashi na ɗauki wuƙa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yammacin ranar da aka kwashe dammuna. Na ga Kawu ya koma daidai inda muka yi ɗaukar da tsintsiya da ƙwarya, yana share ƙwayar da ta zube haɗe da yashi. Matarsa ta kwana biyu tana sheƙe ta tana rairaya kafin ta rabu da ƙasa. Dammunan wurin kuwa ko ni na ga ba su kai sauran nauyi ba. Har yau bai taɓa ɗaga maganar ba.

Fim ɗin ya fito, bai yi wani tashe ba, amma wani mai shirya wasan talabijin mai dogon zango ya ga fitowar nan ya neme ni, kuma daga nan ƙofa ta buɗe. Mahaifiyata ta ga fuska. Da na kai wa Kawu a waya, ya riƙe ta nesa da ido yana kallo, na zuba masa ido in ga ko kukan nawa zai taɓa shi. Ko kallon fuskata bai yi ba. Ya sa yatsa a kan wani kan gero da ke kaɗawa a kafaɗata ta hagu, ya kira matarsa ya ce ta zo ta gan shi a fim.

Har gobe idan na je Karare mai gona yake kirana, yara ma sun ɗauka, kuma na daina jin haushi don na ci sunan da gumina. Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk wanda ka gani a tsaye ana haska fuskarsa, akwai waɗanda suka durƙusa inda kyamara ba ta gani suna riƙe masa abin da ya jingina da shi. Tun daga lokacin, duk inda na shiga da baƙi, kafin a tambaye ni wane ne wannan dattijon nake riga kowa faɗa, da ƙarfi, kuma da tabarau a aljihu.